Wasiƙun Teresa ta Kalkata: Lokacin da Mai Bauta Ta Furta Shakkarta

A shekarar 2007, shekara goma bayan rasuwar Teresa ta Kalkata, wadda duniya ta fi sani da Mother Teresa, aka wallafa wani littafi mai suna Come Be My Light, wanda ya tattara wasiƙun da ta riƙa rubuta wa limaman da suke yi mata jagora a kan al'amuran ruhi. Wanda ya tsara littafin shi ne Fada Brian Kolodiejchuk, ɗan ƙasar Kanada, kuma shi ne aka ɗora wa nauyin tattara hujjojin da za a gabatar wa fadar Vatikan domin a ayyana ta a matsayin waliyyiya. Ya kamata a lura da wannan tun farko, saboda abin da wasiƙun suka ƙunsa irin abin nan ne da ake tsammanin abokin gaba zai tono, amma sai ga shi ya fito daga hannun mai ƙoƙarin ɗaukaka ta. A cikinsu, matar da miliyoyin mutane suka ɗauka ita ce abar misali wajen dogaro ga Allah ta bayyana da rubutun hannunta cewa ta yi kusan shekara 50 ba ta jin kusancinsa ko kaɗan, kuma a wasu wurare ta wuce nan, har ta ambaci zafin da take ji na tunanin cewa wataƙila ma babu shi.

Tambayar ko mai addini zai iya amincewa da bakinsa cewa yana kokwanton samuwar Allah tambaya ce da aka saba amsa ta a gurguje, wasu su ce sam ba zai yiwu ba domin imani da shakka ba sa zama a zuciya ɗaya, wasu kuma su ce kowa ma yana yi, ɓoyewa kawai ake yi. Lamarin Teresa ya fi waɗannan amsoshi amfani, domin an san wa ta faɗa wa, an san lokacin da ta faɗa, an san amsar da aka ba ta, an kuma san hukuncin da cocinta ya yanke bayan ya karanta komai.

Yadda abin ya faro

An haife ta ranar 26 ga Agusta 1910 a birnin Skopje, da ke ƙasar Masedoniya ta Arewa a yau, cikin dangin Albaniyawa mabiya ɗariƙar Katolika. Tana da shekara 18 ta shiga ƙungiyar mata masu zaman zuhudu ta Loreto a ƙasar Ayalan, a 1929 ta isa Indiya, ta kuma daɗe tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta ƙungiyar a Kalkata. A 1942 ta ɗauki wani alwashi na sirri da izinin limaminta, cewa ba za ta hana wa Allah duk abin da ya nema daga gare ta ba, kuma idan ta saɓa wannan alwashi ta ɗauke shi babban zunubi. Duk wanda yake son fahimtar abin da ta yi daga baya sai ya riƙe wannan alwashi a ransa, domin shi ya ɗaure ta a lokacin da ba ta da wani abu da take ji a zuciya wanda zai riƙe ta.

Ranar 10 ga Satumba 1946, tana cikin jirgin ƙasa a hanyarta ta zuwa Darjeeling domin halwar shekara, ta ce ta samu kira na biyu, wato ta bar gidan zuhudu ta koma cikin talakawa ta yi musu hidima. A watannin da suka biyo baya ta shaida wa limaminta, Fada Celeste Van Exem, da Babban Bishop na Kalkata, Ferdinand Périer, cewa tana jin muryar Yesu yana yi mata magana a cikin zuciyarta, yana matsa mata ta fara aikin. Périer bai yi gaggawar yarda ba, ya sa ta jira kimanin shekara guda. A Agusta 1948 ta fita daga Loreto sanye da farin sari mai ratsin shuɗi, ta yi ɗan gajeren horo kan jinya a Patna, a watan Disamba kuma ta fara shiga unguwannin marasa galihu na Kalkata. An amince da ƙungiyarta, Missionaries of Charity, ranar 7 ga Oktoba 1950, a 1952 kuma ta buɗe gidan kula da masu jiran ajali a unguwar Kalighat. Lokacin da ta rasu, ranar 5 ga Satumba 1997, ƙungiyar tana da mata kusan 4,000 a gidaje 610 cikin ƙasashe 123.

Duhun da take magana a kai ya soma ne daidai lokacin da aikin ya soma. Macen da ta saba jin kusanci mai ƙarfi, har take ganin ana yi mata magana, sai ta wayi gari an yi shiru, kuma shirun ya zarce.

Abin da ta rubuta, da abin da aka ce mata

A 1953 ta rubuta wa Périer tana roƙon ya yi mata addu'a kada ta ɓata aikin, ta ce akwai wani mummunan duhu a cikinta kamar kome ya mutu, kuma haka abin yake tun kusan lokacin da ta fara aikin. Amsar da Périer ya ba ta amsa ce ta shugaba mai duba zahiri. Ya ce mata ba ta cikin duhu kamar yadda take zato, alamomin da ke waje sun isa su nuna mata cewa Allah yana sa wa aikinta albarka, kuma abin da zuciya take ji ba sharaɗi ba ne, sau da yawa ma yakan ruɗi mutum. Maganar tana da gaskiyarta, amma ba ta taɓa wurin da ke ciwo ba, kuma wasiƙun da suka biyo baya sun nuna cewa Teresa ta ci gaba da jin cewa ba a gane abin da take faɗa ba.

A Oktoba 1958, lokacin addu'ar da aka yi wa marigayi Paparoma Pius na 12 a Kalkata, ta roƙi a nuna mata alamar cewa Allah ya yarda da ƙungiyarta, ta kuma rubuta cewa nan take duhun ya yaye. Sauƙin bai wuce kimanin mako biyar ba, abin ya dawo.

Rubuce-rubucen da suka fi tsanani su ne na wajajen 1959, lokacin da Fada Lawrence Picachy, wanda daga baya ya zama Kadinal, yake yi mata jagora. Saboda ta kasa faɗin abin da baki, sai aka ba ta shawarar ta rubuta shi kamar wasiƙa zuwa ga Yesu. A nan ne ta rubuta cewa tana jin azabar rashi, azabar cewa Allah ba ya son ta, cewa Allah ba Allah ba ne, cewa ba ya nan a haƙiƙa. Ta tambayi kanta don me take wahala, ta ce idan babu Allah to babu rai, idan kuwa babu rai to shi ma Yesu ba gaskiya ba ne. Ta ce tambayoyi da yawa suna zaune a cikinta ba amsa, tana tsoron buɗe su don kada ta yi saɓo, kuma idan ta yi ƙoƙarin ɗaga tunaninta zuwa sama sai ya dawo mata kamar wuƙaƙe masu kaifi. A cikin wannan rubutu akwai jimla guda wadda ta ɗauke nauyin lamarin duka, inda ta ce idan akwai Allah, to ya gafarta mata. Wanda ya kafirta ba ya neman gafarar wanda ya ƙaryata, wanda kuma zuciyarsa take a natse ba ya fara addu'a da kalmar "idan". Teresa ta haɗa su biyun a layi ɗaya, kuma duk wanda ya karanta wasiƙun da adalci dole ya yarda cewa duka biyun da gaske take yin su.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan lamari fuskar ba ta ba da labarin ba. Ita da kanta ta kira murmushinta babban mayafi da yake rufe ɗimbin azaba. Matan da suke kwana su tashi tare da ita, suna farkawa kafin ƙarfe biyar na asuba su yi addu'a a ɗaki ɗaya, suna ganin ta durƙushe a ƙasa kowace rana, ba su san abin da ke faruwa ba sai bayan ta mutu. Ta san tazarar da ke tsakanin abin da take faɗa da abin da take ji, har ta taɓa rubuta wa wani limami cewa ta yi wa mutane magana kamar zuciyarta cike take da son Allah, kuma da yana wurin da ya ce wannan wane irin munafunci ne.

Sauyin da aka samu ya zo ne a 1961 ta hannun Fada Joseph Neuner, ɗan ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit. Neuner bai yi ƙoƙarin gamsar da ita da hujjojin samuwar Allah ba, bai kuma tsawata mata ba. Ya gaya mata cewa wannan hali ba shi da magani a hannun mutum, don haka kada ta ɗauke shi laifinta. Ya ce jin kusanci ba shi kaɗai ne shaidar kusanci ba, kuma ƙishirwar da take yi wa Allah ita kanta alama ce ta cewa yana tare da ita a ɓoye, domin ba a begen abin da ba shi da wuri a zuciya. Ya kuma nuna mata cewa za ta iya ɗaukar wannan duhu a matsayin ɓangaren aikinta, tana tarayya da waɗanda take ɗebowa daga bakin titi, mutanen da suke jin ba wanda yake son su. Bayan wannan ne ta rubuta cewa a karo na farko cikin shekaru masu yawa ta fara son duhun. Duhun bai tafi ba. A Satumba 1979, wata uku kafin ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a Oslo, ta rubuta wa Fada Michael van der Peet cewa shirun da wofin da ke cikinta sun kai ta dubi ba ta gani, ta saurara ba ta ji. Abin da Neuner ya sauya shi ne ta daina ganin kanta a matsayin wadda aka kora.

Ta sha roƙon a ƙone wasiƙun, tana cewa idan suka fita mutane za su fi tunanin ta fiye da tunanin Yesu. Waɗanda suke riƙe da su ba su biya mata wannan buƙata ba, kuma da Paparoma John Paul na 2 ya ba da izinin fara binciken ayyana ta waliyyiya a 1999, ba tare da jiran shekara biyar da doka ta tanada ba, sai wasiƙun suka shiga cikin takardun binciken.

Yadda aka karanta su

Marubucin nan Christopher Hitchens, wanda bai yarda da samuwar Allah ba, wanda ya daɗe yana sukar ta tun cikin shekarun 1990, wanda kuma aka kira ya ba da shaida a kanta lokacin binciken, ya ɗauki wasiƙun a matsayin tabbacin abin da ya yi imani da shi. A ganinsa matar ta gane cewa addini ƙirƙirar mutum ne, ta rasa ƙarfin halin amincewa da hakan, sai ta ƙara nutsa cikin aiki don ta danne abin da ta gano. Wasu kuma sun kalli abin ta fuskar lafiyar ƙwaƙwalwa, suka ce alamomin sun yi kama da na ciwon damuwa mai tsanani. Wannan fassara ta biyu ba abin rainawa ba ce, ko da yake ba wanda zai iya gwada mamaci, kuma mai irin wannan ciwo yakan rasa kuzari ya janye daga mutane, alhali ita ta yi shekara da shekaru tana tafiye-tafiye tana buɗe gidaje.

Cocin Katolika kuwa yana da wurin ajiye irin wannan labari tun kafin a haife ta. Yohanna na Gicciye, malamin ƙasar Sifen na ƙarni na 16, ya yi bayanin abin da ya kira duhun dare na rai, wato lokacin da ake janye wa mai bauta duk wani daɗin ibada domin a tsarkake shi daga bauta don daɗin. Teresa ta Lisieux, 'yar Faransa wadda ta rasu a 1897 tana da shekara 24, wadda kuma sunanta ne Teresa ta Kalkata ta ɗauka, ta yi watannin ƙarshe na rayuwarta tana fama da tunanin cewa babu kome bayan mutuwa. Kiristoci suna karanta Zabura ta 22 da ta fara da "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?", kuma Linjilar Markus ta kawo labarin uban da ya ce wa Yesu ya ba da gaskiya, amma a taimake shi a kan rashin bangaskiyarsa. Littafin koyarwar cocin na 1992 ya raba shakka gida biyu: wadda mutum ya zaɓa da gangan, yana ƙin karɓar abin da aka saukar, da wadda take zuwa masa ba da son ransa ba, ta hanyar jinkirin zuciya ko wahalar warware wata tambaya ko damuwar da duhun bangaskiya yake haifarwa. Ta farko ce ake ɗauka zunubi. Da wannan ma'auni aka auna Teresa, aka ba ta matsayin mai albarka, wato matakin da ake hawa kafin waliyyanci, ranar 19 ga Oktoba 2003, Paparoma Francis kuma ya ayyana ta waliyyiya ranar 4 ga Satumba 2016.

Zargin munafunci shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Munafiki yana faɗin abin da ya san bai yarda da shi ba domin wata riba, kuma yana ɓoye gaskiyarsa ga kowa, musamman ga masu iko a kansa. Teresa ta kai gaskiyarta ne ga mutanen da suka fi kowa ikon cutar da ita da ita. Périer yana da ikon taka wa ƙungiyarta birki a shekarunta na farko, amma shi ta rubuta wa. Abin da take faɗa a bainar jama'a kuma shi ne abin da ta yanke shawarar tsayawa a kai, ko da ba ta jin ɗanɗanonsa. A ganina zargin bai tabbata ba. Duk da haka akwai wani abu da ya rage wanda magoya bayanta ba sa son tattaunawa. Dubban mutane sun saurare ta suna auna kansu da ita, suna ganin bushewar zuciyarsu alama ce ta raunin imaninsu tunda ga wadda take cike da haske. Da sun san halin da take ciki, da wasunsu sun sami sauƙi. Shirun da ta yi ya kare aikinta da tawali'unta, amma wasu ne suka biya wani ɓangare na kuɗinsa. Ya kuma kamata a faɗa cewa wasiƙun ba su wanke ta daga sukar da likitoci suka yi wa irin jinyar da ake yi a gidajenta ba, wannan wata magana ce dabam wadda ba a warware ta da labarin zuciya.

Musulunci bai bar wannan fage a buɗe ba amsa ba, kuma kwatanta shi da lamarin Teresa yana haskaka abin da ya faru da ita. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ce suna jin wani abu a zukatansu wanda ɗayansu yake ganin girman ya furta shi. Ya tambaye su ko lallai sun ji hakan, suka ce e, sai ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Malamai, cikinsu har da Imamu Nawawi, sun bayyana cewa tsantsar imanin yana cikin ƙyamar da suka yi wa tunanin da tsoron furta shi, domin zuciyar da ba ta damu ba ba za ta ji nauyinsa ba. Wannan hujja ta yi kusa ƙwarai da wadda Neuner ya ba Teresa. A wani hadisi da Buhari da Muslim suka ruwaito an ambaci tambayar da kanta, cewa Shaiɗan yakan zo wa mutum yana cewa wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya ce wa ya halicci Ubangijinka, kuma aka umarci wanda ya kai nan ya nemi tsarin Allah ya tsaya. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 260, ya kawo roƙon Annabi Ibrahim na a nuna masa yadda ake rayar da matattu, da aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, sai dai don zuciyarsa ta natsu. Iyakar kuma a fili take. Suratul Hujurat, aya ta 15, ta siffanta muminai da cewa sun yi imani sannan ba su yi kokwanto ba, malamai kuma sun haɗu a kan cewa shakkar da mutum ya zauna a kanta ya yarda da ita game da samuwar Allah tana warware imani, saɓanin waswasin da yake faɗo masa yana ƙin sa. Abin lura a hadisin farko shi ne sahabban sun je sun faɗa, ba su tsaya sun cinye abin a cikinsu ba, kuma wanda suka faɗa wa bai kore su ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa a littafinsa Almunƙizu minad Dalal, cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakkar da ta hana shi amincewa da abin da gaɓoɓi suke riska da abin da hankali yake yankewa, a halinsa na ciki ba a furucinsa ba, har Allah ya warkar da shi da wani haske da ya jefa a ƙirjinsa. Shakkar Gazali ta shafi tushen sani ne, ba irin ta Teresa ba ce, amma akwai abin da ya haɗa su: shi ma bai sanar da jama'a ba sai bayan shekaru, lokacin da ya riga ya fita daga cikinta.

Iyakar abin da lamarin ya tabbatar

Wannan ya kai mu ga wurin da nake ganin ana wuce gona da iri idan ana kafa hujja da Teresa. Gaskiya ne lamarinta ya nuna cewa mai addini zai iya furta cewa tunanin rashin Allah yana addabarsa, ya ci gaba da zama mai addini, har addininsa ya ɗaukaka shi. Amma furucin nata ya tsaya ne tsakaninta da limamai kaɗan, cikin wasiƙun da ta so a ƙone. Ba ita ta sanar da duniya ba, wasu ne suka sanar bayan ta mutu, ba da yardarta ba. Waɗanda suka karanta wasiƙun domin yanke hukunci sun karanta su ne suna sane da ƙarshen labarin, sun san ta mutu tana cikin cocin, ba ta bar addu'a ba, ta bar ƙungiya mai dubban mutane. Da wata mace ce mai zaman zuhudu ta rubuta kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, sannan bayan shekara goma ta cire tufafin zuhudu ta tafi, da wuya a kira halinta duhun dare na rai, za a ce bangaskiyarta ce ta mutu. Sunan da ake ba shakkar ya dogara da inda ta ƙare, alhali wanda yake cikinta bai san inda za ta ƙare ba, kuma a wannan lokacin ne yake buƙatar wanda zai saurare shi.

Ko Teresa ta Lisieux sai da 'yan'uwanta na gidan zuhudu suka gyara rubutunta kafin a buga shi a 1898, ainihin rubutun hannunta kuwa bai fito ga jama'a ba sai a 1956. Koyarwar addini, kamar yadda muka gani, ta tanadi wuri ga mai fama da irin wannan hali. Wahalar ta fi yawa a wajen jama'ar addinin, waɗanda suke son ganin shugabanninsu a tsaye daram, suke kuma tsoron cewa furucin mutum ɗaya zai girgiza masu rauni. Tsoron ba na banza ba ne, kuma shi ne dalilin da ya sa hadisai da jagororin ruhi suke nuna wa mutum wurin masani maimakon dandalin jama'a. Sai dai wannan tsari yana aiki ne kawai idan masanin ya iya sauraro. Teresa ta yi shekara takwas tsakanin wasiƙarta ga Périer da shawarar da Neuner ya ba ta, tana faɗin abu ɗaya ga mutanen kirki masu ilimi, kafin ta sami wanda amsarsa ta yi mata amfani. Ita kuwa shugabar ƙungiya ce da bishop yake amsa wasiƙarta. Saurayin da ya tunkari malaminsa da irin wannan tambaya aka ce masa ya yi shiru kada ya kafirta ba lallai ya sake tunkarar wani ba.

Akwai misali na shugaban addini da ya yi furucin yana raye, a gaban mutane. A Satumba 2014, a babban cocin Biristol na Ingila, aka tambayi Justin Welby, Babban Bishop na Kantabari a lokacin kuma jagoran mabiya Angilika na duniya, ko yakan yi shakka. Ya ce e, akwai lokutan da yake tambayar kansa ko akwai Allah, kuma ina yake. Ya ba da labarin wata rana da ya fita gudu da karensa, ya tsinci kansa yana ce wa Allah lokaci ya yi da zai yi wani abu, idan yana nan, ya kuma ƙara da cewa wataƙila ba irin maganar da ta dace da mai muƙaminsa ba ce. Ya kafa hujja da Zabura ta 88, wadda take cike da kuka daga farko har ƙarshe. Jaridu sun ɗauki maganar a kanun labarai, wasu mabiya suka yaba masa da faɗin gaskiya, wasu suka ga bai kamata makiyayi ya faɗi haka a gaban garkensa ba. Bai rasa muƙaminsa a kan wannan ba. Bayan hare-haren da aka kai birnin Faris ranar 13 ga Nuwamba 2015, inda aka kashe mutum 130, gidan talabijin na BBC ya tambaye shi ko abin ya sa shi shakka, ya sake amsawa da e, ya ce washegari yana tafiya yana addu'a yana tambayar Allah dalilin faruwar hakan da kuma inda yake a cikinsa.